Na Raka Rahinatu Wurin Masu Buɗe Kai

Bari in fara da abin da rabin Sabonjida, unguwarmu a Tamale, ya riga ya sani, don kada wani ya ce shi ya tona ni: ni Isaka wanzami, da furfurata da komai, na kusa ɓata wa ɗiyata wahalar shekara takwas da goro da ruwan buta. Tun da na dawo daga Sakkwato ban huta ba. Mutum zai zauna a bencina, aska na kan fatarsa, sai ya waiwayo ya ce, "Baba Wanzam, da gaske suna buɗe kan mutum kamar ƙwarya?" Shekaranjiya saura kaɗan in raba Alhaji Inusa mai nama da kunnensa na hagu saboda wannan waiwaye. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma in yi askina lafiya. Aji uku na yi a boko kafin malamin ya gaji da ni, don haka wanda ya ga harafi ya karkace, ya miƙe shi da kansa.

Rahinatu ita ce autata. Ta yi shekara shida tana karatun likita, ta ƙara biyu tana aiki ƙarƙashin manya, duk muna cewa an gama, sai ga ta da wata magana: ita aikin ƙwaƙwalwa take so ta koya, irin wanda ake buɗe ƙashin kai a shiga ciki. Uwarta Memuna ta ce, "Duk jikin mutum ba ki ga inda za ki taɓa ba sai nan?" Ni kuwa na san daga inda abin ya fito.

Ɗan farina, wanda muke ce wa Ɗanjuma, babur ne ya kayar da shi a hanyar Changli lokacin Rahinatu tana sakandare. Ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya dawo gida ya ci tuwo, har yana yi mana dariyar yadda ya faɗi. Da la'asar ya kwanta bai farka ba. A asibiti aka ce jini ne ya taru a cikin kansa, wanda ya iya fitar da shi kuma yana nesa, kafin a gama shirin tafiya ya cika. Ni da na yi shekara da shekaru ina kafa ƙaho ina zuƙe wa mutane mataccen jini a baya da ƙafa, na tsaya a kansa da zabirata a rataye. Jinin yana ƙarƙashin ƙashi, ƙahona ba ya kaiwa can. Rahinatu tana bakin ƙofa tana kallona.

To, ta nema a wurare, wani babban asibitin koyarwa a Sakkwato ya kira ta intabiyu. Masu nema da yawa, gurbi biyu. Na ce da ni za a je. A gidanmu, in za a ba da yaro koyon sana'a, ba a aika shi kamar saƙo. Uba ke kai shi da ƙafarsa, da goro ƙwarya guda, ya ce wa maigidan ga shi na ba ka. Haka ubana ya kai ni, haka aka kawo mini duk wanda na koya wa aski.

"Baba, ba koyon aski ba ne," in ji ta. "In aka gan ka da goro, cewa za a yi cin hanci muka kawo."

"Goro ne cin hanci? To ashe duk auren Tamale da cin hanci aka ɗaura."

"Baba, don Allah. In za ka zo ka zo, amma ban da goro."

Na ce to. Kashegari na tafi kasuwar Aboabo na zaɓo ɗari, fari da ja, manya, aka naɗe mini a ganye. Jirgi kuma na ce ba ni shiga, kakana da jakuna ya zo daga Sakkwato ta wannan hanya yana fataucin goro, ni ma ta ƙasa zan koma. Memuna ta goyi bayana, ba don tana ƙaunar kakana ba, don tana son ta huta da ni kwana goma.

Ana gobe tafiya Rahinatu ta dawo da wata ambulan ruwan ƙasa daga wurin babban malaminta. An liƙe bakin, an buga hatimi, ya sa hannu a kan liƙin. Ta ce, "Wannan shaidarsa ce a kaina. Ko ni ban san abin da ya rubuta ba. A rufe za ta isa hannunsu." Na ji, amma irin jin da nake yi wa rediyo in ina wasa aska. Ta sa ambulan a aljihun gefe na jakarta. Ni kuma da ta shiga wanka na duba jakar, na ga wuri mai sanyi a ƙasa wanda rana ba ta kaiwa, na tura gorona can na rufe da zanenta. Tsakanin goron da aljihun nan ƙyalle ɗaya ne.

Mun tashi da safe a motar Yendi, daga nan muka hau wata zuwa Tatale, wadda doya ta fi mutane yawa a cikinta. A iyakar Togo aka ce kowa ya buɗe kayansa. Wani soja dogo ya zazzage zabirata a kan tebur: asake shida, ƙahoni huɗu, dutsen wasa, ƙaramar wuƙar tsaga. Ya dube ni, ya dubi kayan, ya yi wani dogon Faransanci. Rahinatu da duk karatunta ta zama kurma irina, abin da ya ɗan yi mini daɗi. Wata mai sayar da doya ce ta yi mana tafinta.

"Yana tambaya yaƙi za ka?"

"Ki ce masa da gashi nake yaƙi. Ki kuma ce masa wanda ya yi masa wannan askin na ƙeya ya ci amanarsa."

"Baba!" in ji Rahinatu.

Matar ta faɗa masa yadda na faɗa, ba ta rage ba. Ya shafa ƙeyarsa, abokansa suka tuntsire. Kafin in ankara an kawo kujera. Na yi masa, na yi wa babbansu, direbanmu yana ta danna hon. Da na gama, babban ya shafa kansa ya lumshe ido kamar jinjiri, ya sa aka ƙulle mini dafaffen ƙwan zabi a takarda. Jakar Rahinatu ko buɗe ta ba su yi ba, gorona ya wuce lafiya, na ce a raina Allah yana tare da wannan goro.

A Kara muka kwana, a zango, gidan wata Hajiya mai saukar baƙi. Hausarta irin tamu ce, an dai zuba mata Faransanci inda mu muke zuba Turanci. Burodinsu dogo ne kamar sanda, mai tauri, in ka buga wa mutum sai an kai ku wurin sarki. Na tambayi koko da ƙosai aka ce sai an tafi nesa. Da safe, Rahinatu na alwala, na buɗe jaka na yayyafa wa gorona ruwa. Wanda ya san goro ya san in bai sha ruwa ba yanƙwanewa yake yi, ni kuma ba zan kai wa babban mutum yanƙwanannen goro ba.

Da muka shiga Benin aka ce kowa ya ƙara awa ɗaya a agogonsa. Na ce ina awar ta tafi? Rahinatu ta ce ba ta tafi ko'ina ba, haka tsarin yake. Na ce rana dai tana inda na bar ta a Togo, ni ba zan ba kowa awata ba. Har muka dawo agogona yana kan lokacin Tamale. A Jugu wani tsoho mai sayar da tasbaha ya ji inda za mu, ya nuna mini wani fili da aka cika da shaguna, ya ce nan ayarin Gwanja suke sauke jakuna. Na tsaya ina kallon wurin, ina neman ko zan ji wani abu game da kakana, sai wani mai babur ya kusa kwashe mini ƙafa. Can kuma na ci sakwara da wagashi, cukunsu na nonon shanu, a miyar gyaɗa wadda ta fi ta gidana, kuma duk wanda ya karanta wa Memuna wannan layi, kada ya sake zama a bencina.

Kandi ce ta kashe ni. Mun kwana a wani masauki kusa da tasha. Da hantsi Rahinatu ta fita neman motar da za ta kai mu iyakar Najeriya. Na jawo jaka in duba gorona, na ga zanen ya jiƙe sharkaf, ashe jiya hannuna ya yi nauyi da butar. Na laluba aljihun gefe. Ambulan ta sha ruwa har rabi, ta yi ja-ja, kamar bakin tsohuwa. Na ce yanzu tawada za ta narke a ciki, shaidar yarinya ta zama kunu. Abin da ya zo mini shi ne abin da kowane mai hankali zai yi wa jiƙaƙƙen abu: a shanya. Na zaro askata mafi kaifi, na bi bakin liƙin a hankali, na raba shi ba tare da na yaga ko zare ɗaya ba. Har yaba wa kaina na yi. Na shimfiɗa takardar a kan randa da aka kife a tsakar gida, na danne kusurwoyinta da duwatsu, na zauna ina kore mata kaji.

Haka ta shigo ta same ni.

Ba ta yi ihu ba. Da ta yi da na fi jin daɗi. Ta tsaya, ta juya wa takardar baya don kada idonta ya faɗa kan rubutun, ta ce, "Baba, ninke ta ka mayar."

"Ta kusa bushewa, Dokta. Ko harafi ɗaya bai..."

"Ninke ta ka mayar."

Na mayar. Ta ga goron a buɗe a kan tabarma, ta dube shi, ta dube ni. Sannan ta zauna a dokin ƙofa ta yi mini bayani kamar tana magana da majinyaci. Amfanin takardar shi ne a rufe take. In an ga an buɗe, za a ce ta karanta, ko ta canza, ko ma ita ta rubuta wa kanta. A wannan aiki, wanda aka zarga da haka ba gurbi kaɗai yake rasawa ba, sunansa ne yake tafiya.

Na ce, "To ai da sauƙi. A samo mini ƙaro. Wallahi in na liƙe ta, ko wanda ya buga hatimin ba zai gane ba. Jan nan kuma mu ce ruwan sama ne."

"Na san za ka iya," in ji ta. "Shi ya sa ba zan ba ka ba. Aikin da nake nema, Baba, in na yanke abin da bai kamata ba, ba a liƙewa a yi shiru."

Daga Kandi har Segbana, har muka ƙetare zuwa Najeriya, har Jega, ba ta ce mini komai ba sai "ga ruwa" da "sauko mu yi salla". Ta gwada kiran malamin nata sau da yawa, wayarta ta Gana ta ƙi aiki a can. Ni kuwa na rungume gorona a cinya, tunda asiri ya riga ya tonu, na rasa ko in jefar ta taga ko in cinye.

Sakkwato ta karɓe mu da zafin da ban taɓa ji ba, mu da muke cika baki da zafin Tamale. Abin da ya fara ba ni mamaki, kowa Hausa yake yi, har ɗan sanda, har mai banki. Mu a gida Hausa ta zango ce da kasuwa, can kuwa ita ce garin. Ina buɗe baki aka ce, "Ɗan Gwanja, ina ka hito?" Na kuma lura babu mace ko ɗaya a kan babur tana tuƙi. Na gaya wa wani mai shayi cewa a garinmu tsohuwa na goya jika ta ɗora buhun masara ta ja babur, ya ce in ji tsoron Allah. Wani wanzami, Malam Bawa, da ya ga zabirata, bai tambayi sunana ba ya ɗauki jakarmu. Ya sauke ni a zaurensa, Rahinatu a wurin iyalinsa, aka dama mana fura wadda cokali ke tsayawa a ciki.

Da safe muka tafi asibiti miƙa takardu, intabiyu sai kashegari. Wata mata mai tabarau ce ke karɓa. Ta juya ambulan, ta ga baki a buɗe, ta ɗago.

"Wa ya buɗe wannan?"

"A hanya aka buɗe ta. Ban karanta ba," in ji Rahinatu.

"Na ce wa ya buɗe?"

"A hannuna take, Hajiya. Ni ke da alhakinta."

Ina tsaye a bayanta kamar turmi. Matar ta ɗauki fayil ɗinta, ba ta ɗora shi kan na sauran ba, ta ajiye shi shi kaɗai a can gefe. Ta ce sai Farfesa ya gani, kuma ba ta yi alkawarin za a kira ta gobe ba. Rahinatu ta ce ta gode, ta fita ta zauna a benci cikin sauran masu nema, duk maza, kowa da kwat. Ta buɗe littafi. Na ga shafin bai motsa ba.

Na kasa zama kusa da ita, na bi baranda ina tafiya har na faɗa inda masu jinya suke shimfiɗa tabarmi. Wani manomi, Malam Sanda, ya matsa mini wuri. Na tambaye shi wa yake jinya. Ya ce ɗansa, babur ya kayar da shi, ya tashi lafiya, daga baya ya kwanta ya ƙi farkawa. Na ce, "Allah ya ba ka haƙuri." Ya ce, "Haƙurin mi? Zo ka gan shi."

Ya kai ni bakin taga. Saurayi ne kamar Ɗanjuma, yana zaune a kan gado, yana cin masa, yana faɗa da ƙanwarsa a kan ta cinye masa yaji. Rabin kansa a aske, ɗinki ya zagayo daga gaban kunne ya yi sama kamar ƙofar rumbu. Malam Sanda ya zaro wata baƙar leda mai tauri ya ɗaga ta ga rana. Hoton cikin kan yaron ne, an yayyanka shi fai-fai kamar doya, alhali ba a taɓa shi da wuƙa ba. Ya nuna mini wani farin abu a gefe, ya ce shi ne jinin, ya danne ƙwaƙwalwa gefe guda. Ya ce sun yanke ƙashin, sun ɗaga shi, sun kwashe jinin, sun ɗaure jijiyar, sun mayar da ƙashin wurinsa. Kafin magariba yaro ya buɗe ido ya nemi ruwa.

Shekara arba'in da wani abu ina riƙe kawunan mutane. Na san mai tudu, na san mai kwari, na san kan da ya sha duka yana yaro. In an rufe mini ido aka ba ni kan mutumin Sabonjida, zan faɗi sunansa. Amma ban taɓa ganin abin da ke ƙasa da inda askata take wucewa ba sai ranar, a hannun manomi, a jikin leda. Na daɗe ina kallo. Ban san hawaye na zuba ba sai da Malam Sanda ya janye hotonsa kada in jiƙa masa, ashe ya ga alamar ni mai jiƙa takardun mutane ne.

Ya kuma nuna mini wata mata a gadon ƙarshe, wadda aka kawo ba ta gani, wani ƙari ya danne mata jijiyar ido. Ita ko askin ba a yi mata ba. Ta hanci aka shiga aka ciro shi. Ta hanci! Tana zaune tana tsintar tsakuwa a shinkafar da 'yarta za ta dafa. Na ce Subhanallahi ya fi sau goma. Abu ɗaya dai zan faɗa don gaskiya: askin da aka yi wa yaron nan, ko wanda ya yi wata ɗaya a hannuna ba zai yi shi ba. Duk tsalle-tsalle.

Muna nan sai baranda ta yi tsit. Malam Sanda ya ce, "Ga Farfesa nan." Ina neman ƙaton mutum da babbar riga, sai na ga wani ɗan siriri da takalmin roba da hular leda, likitoci wajen takwas na biye da shi. Ban yi shawara da kowa ba. Na shiga tsakiyar hanya na tsuguna irin yadda Dagomban garinmu ke gaida sarki, ina tafa hannu a hankali. Ayarin ya tsaya cak.

"Baba, lafiya? Wa kake jinya?"

"Ranka ya daɗe, kaina nake jinya. Ni ne na buɗe ambulan."

"Wace ambulan?"

"Ta yarinyar Gana. Ita ba za ta faɗa ba, don ni na haife ta."

Ya ce in tashi, gwiwar tsoho ba ta wasa ba ce, in jira shi ya gama zagaye. Na jira awa biyu, ta Najeriya. Sannan aka kira ni ofishinsa, ni kaɗai, ambulan na kan tebur. Na faɗa masa komai, tun daga Aboabo har randar Kandi, har maganar ƙaro da amsar da ta ba ni. Bai yi dariya ba sai da na zo kan kaji. Ya ɗauki ambulan ya kai ta kusa da fitila, ya bi bakin da ido.

"Da me ka buɗe?"

Na zaro askar na ajiye. Ya gwada ta a gashin hannunsa, ya ɗaga gira.

"A jiƙe ka raba wannan, ba ta yage ba? Miƙo hannunka."

Na miƙa. Ya ɗora takarda a bayan hannun, ya zuba mata ido. Ba ta motsa ba. Nasa hannun na kalla ni kuma: ƙanana, farce a yanke ƙwal, fatar ta yi fari saboda wanki. Da waɗannan aka ɗaga ƙashin kan yaron can. Na so in taɓa, kunya ta hana ni.

"Ranka ya daɗe, ita ma haka nata yake. Tun tana ƙarama ita ke zare mini ƙaya."

"Hannu ana samu, Malam wanzami," in ji shi. "Ka ce ka ba ta shawarar a liƙe ta ƙi?"

"Ta ƙi. Kwana biyu ke nan ba ta yi mini magana."

Ya ɗauki waya, ya nemi lambar da ke kan takardar, ya yi Turanci da malamin Rahinatu, har suna dariya, na tabbata da ni ake. Abin da ya hana mu sukuni tun daga Kandi, ya gama shi kafin shayinsa ya huce. Ya ce malamin zai sake aiko da shaidar ta kwamfuta kai tsaye.

"Kada ka yi murna da yawa. Ban ba ta gurbi ba, layi kawai na mayar da ita. Ba ni kaɗai ke zaɓe ba, kuma in ba ta iya ba, ko kai ne sarkin askar duniya ba za ta shiga ba."

Na ga fuska ta saki, sai na jawo ƙunshina daga ƙarƙashin riga. Ya ɗaga hannu tun ban kwance ba. Ya ce ya san abin da goron yake nufi, shi ma ubansa maƙeri ne, amma ko ɗaya ba zai taɓa ba. In ina son lada, ga masu jinya can a baranda sun yi makonni ba su ga goron kirki ba. Haka goron Aboabo ya ƙare. Malam Sanda ya ɗauki uku, ya ce ɗaya na yaron ne in likita ya yarda.

Kashegari aka kira ta ta biyar. Na zauna a bencin ina jan tasbaha ina lura da ƙeyar masu kwat. Ta daɗe a ciki fiye da na gabanta. Da ta fito ta zauna kusa da ni, ta cire takalmi, ta ce sun ɗora mata hotunan kai sun ce ta faɗi abin da ta gani, sun ba ta zare ta ƙulla a cikin wani ɗan akwati mai zurfi, sun kuma tambaye ta ranar da ta taɓa yin kuskure a kan majinyaci da wanda ta fara gaya wa. Na ce, "Kin faɗa?" Ta ce, "Na faɗa." Can ta ce, "Baba, yunwa nake ji." Ban taɓa jin magana mai daɗin wannan ba. Na saya mata kilishi har ta ce ya isa.

Dawowa ba ta da labari, sai dai sojan Togo ya gane ni, ya kira wasu biyu in yi musu aski. Bayan mako biyar saƙo ya shigo wayarta muna tsakar gida, Memuna na tuƙa tuwo. Sun ɗauke ta. Shekara shida. Memuna ta yi guɗa da muciya a hannu har ta ɗiga wa kanta tuwo a ƙafa. Ta tafi watan jiya, a jirgi, ba ta gayyace ni ba, ni ma ban nema ba.

Saura abu ɗaya, wanda ban gaya wa Memuna ba, ban gaya wa Rahinatu ba, kuma ku ma da kuke tambayata a benci na riƙa tsallake shi. Ranar nan a ofis, na mayar da askata zabira, na kai bakin ƙofa, sai Farfesa ya kira ni. Ya daina murmushi. Ya yi mini wata magana. Na tsaya har aka leƙo aka ce ana nemansa a ɗakin tiyata, ya wuce ta gefena ya tafi. Ni da ba a taɓa rufe mini baki a Sabonjida ba, har yau ban ba shi amsa ba. Cewa ya yi:

"Malam wanzami, ka ce ka zo ka ba da ita. Ka sani, in ta zama abin da take nema, ranar da kake kwance kana kiran sunanta, in kan ɗan wani yana buɗe a hannunta, ba za ta fito ba. Ni uwata haka ta rasu, ina ɗaki na uku daga nan. A haka ka bayar?"